Hakin Maye a Shekarar Aikin Kuza

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Jiya jikata ta shigo da ƙawarta, kowace da kwalaben tsumi a cikin kwando, wai sun kama sana'ata. Na ce wa ya koya muku? Suka ce ai ba sai an koya ba, a dafa sassaƙe da mazarƙwaila, a tace, a ɗura, a kai gidan biki, shi ke nan. To, kallon kitse kuke yi wa rogo. In da dafa sassaƙe ne sana'ar hakin maye, wanda mutanen gabas ke ce wa kayan mata, da duk mai murhu ta zama gwana. Tunda dukanku kun yi aure, kunnenku ya isa jin maganar, ku gyara zama in gaya muku yadda muka yi ta a zamanin Bature.

Ni ban taɓa kayan aikin nan ba sai da mijina na fari ya rasu. Da na fita takaba na koma Sabon Birni wurin ƙanwar ubana, Gwaggo Kulu, wadda duk yankin aka san ta da wannan aiki. A lokacin ba a koya wa budurwa, ba a ma barinta ta zauna inda ake haɗawa. Gwaggo gajeriya ce mai faɗa, in kin yi ba daidai ba ludayin da ke hannunta shi zai gaya miki. Kayan aikinta ba su da yawa: ƙaramin gizago na sassaƙe, dagi na tonon saiwa, dutsen niƙa da ɗansa, rariya, da wani ɗan turmi da ba a taɓa daka barkono a cikinsa ba. Zuma tana cikin tandu, gari kuma cikin battoci, kowace batta da irin ɗaurin da ke bakinta, don Gwaggo ba ta karatu, da ɗauri take gane su.

Aikin farko da ta sa ni shi ne ɗebo sassaƙen ɓaure a bakin gulbi. Ba a zagaye itace da gizago, kashe shi za ki yi. Tsiri ɗaya ake ɗauka ta gabas, ɗaya ta yamma, a shafe wurin da laka, a bar shi ya warke. A inuwa ake shanya shi, don rana tana shanye ƙarfinsa. Dabino da kanwa 'yan kasuwa ke kawo mana daga Faransi, wato ƙasar arewa da mu da Faransawa ke mulki, a kan jakuna da raƙuma, kanunfari da citta kuma daga kudu suke hawowa. Man shanu wurin matan Fulani muke karɓa, sau da yawa ma musaya muke yi, su ba mu mai, mu ba su ƙulli su soke a cikin zane. Zuma in ba tsohuwa ba ce Gwaggo ba ta karɓa, ta ce ba banza aka ce da tsohuwar zuma ake magani ba. Tsumi kuwa a tukunyar ƙasa ake dafa shi, wuta kaɗan kaɗan, tun hantsi har la'asar, ana kwashe kumfa. In kin cika wuta ya yi ɗaci, in kin yi gaggawar saukewa ya yi tsami kafin kasuwa ta zagayo. Na daɗe ina niƙa da tankaɗe kafin ta yarda in ɗaure ƙulli ɗaya in miƙa wa mace da hannuna. Na ɗauka rowar sani take yi mini, ashe ita a wurinta niƙan nan ba shi ne aikin ba.

Aikin shi ne sauraro. Mace in ta shigo, Gwaggo ba ta tambayarta abin da ya kawo ta. Sai ta tura mata faifan riɗi ta ce ta tsince mata. Mace ba za ta dube ki ido cikin ido ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ba, amma in idonta na kan faifai, hannunta na aiki, bakin yakan buɗe da kansa. Sai an ji ciwon sannan ake buɗe batta, sau da yawa ma ba a buɗewa.

Na tuna wata mata daga Gangara. Mijinta ne ya ɗauko ta a kan jaki, shi ya tsaya a zaure. Saƙon da ya aiko da shi ciki shi ne a ba matarsa magani mai ƙarfi, wai ta zama gungume, da ya matso sai ya ji tana minshari. Matar na tsintar riɗi sai ga ta tana gyangyaɗi a kan faifan, da rana tsaka. Gwaggo ta bi ta a hankali. Ashe ita ke ɗebo ruwan gidan da na dabbobi, ita ke sussuka da daka, ta kai fura gona, ta nome gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, da yamma, ga uwar miji kwance tana jinya. Gwaggo ta yafa zane ta fita zaure, ina biye da ita.

"Kai na mai jakin ga?"

"Ni na, Inna."

"In ya wuni shina jidon taki, da marece kakan aza mai wani kaya?"

"A'a, Inna. Sai in ba shi dussa shi huta."

"To jakinka ya hi matarka sa'a. Ban da maganin gajiya cikin batta. Ka ɗauke mata ɗibar ruwa, ka kuma koyi yi mata magana tun da rana, ba sai ka shiga ɗaka ba kaka tuna da ita."

Mutumin ya fita yana gunaguni. Amma bayan kaka matar ta dawo da ƙafarta, ta yi ƙiba, ta kawo wa Gwaggo ƙwaryar wake, tana rufe baki da gefen zane tana dariya. A ranar Gwaggo ta ba ta ƙullin minannas, ta ce yanzu zai sami wurin zama.

Gwaggo takan ce sha'awar namiji wutar kara ce, nan da nan ta kama, nan da nan ta mutu, ta mace kuwa garwashin kirya, tana jinkirin kamawa amma in ta kama sai ta kwana. Galibi haka na gani. Namiji ido ke tayar masa, ko an yi faɗa da safe bai hana shi ba. Mace da kunne take farawa, abin da aka faɗa mata da hantsi shi ke bin ta har shimfiɗa. Shi ya sa yake ganin ta ƙi shi, ita kuma take ganin ba ita yake so ba, biyan buƙatarsa kawai yake yi. Kowa yana auna ɗan'uwansa da mudunsa. Amma kada ku haddace wannan ku ce kun gama sani. Na ga masu goyo da ba sa son ko inuwar miji har su yaye, na ga waɗanda kwanakin shayarwa suka zame musu ɗauri. Na ga matan fatake da miji ke tafiya rani guda, wata ko a jikinta, wata kuwa har ramewa take yi. Na ga tsohuwa mai jikoki ta zo tana raɗa, wai ko lalacewa ce ta same ta, don har yanzu tana marmarin tsohonta. Irin waɗannan sun fi ba ni tausayi, don an raine mu a kan cewa namiji ke nema, mace sai dai ta yi haƙuri ta bayar. Wadda ta ji nata ya fi na mijinta sai ta ɗauka ita ce ba ta da tarbiyya, ta haɗiye abinta har ya zame mata ciwo.

Da Gwaggo ta tsufa ta bar mini gizagon da turmin, ni kuma na yi aure na biyu a Isa, na ci gaba da aikin a can. Ina cin kasuwar Isa da ta Bafarawa, amma ba a baje hakin maye a fili. Daddawa da kuka nake bajewa, battocin suna cikin lefe an rufe da zane, wadda ta sani ta sani. Maza nasu daban ne, wurin wanzamai suke zuwa su fake da aski su sayi gagai. Mu ba ma shiga gonarsu, su ma ba sa shiga tamu.

Sai shekarar da ba na mantawa. Bature na yaƙinsa a can ƙasarsu, aka rufe hanyar Faransi, dabino da kanwa suka yanke sai abin da aka biyo da shi ta daji. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya a gwiwa. Sannan aka zo ana ɗibar maza majiya ƙarfi gari gari, ana tura su aikin kuza can kan dutsen Jos. Wa zai sayi hakin maye? Mazan da yawa ba sa nan, waɗanda ke nan kuma ciki ba komai, mai jin yunwa kuwa ba ya tuna shimfiɗa. Na rufe battoci na koma sayar da kwaɗon rama da tafasa. Zumar da ke tanduna mu muka lashe ta a gida. Da aka fara sako mazan, wasu ba su dawo ba sam, sanyin can da ciwon ƙirji sun cinye su. Waɗanda suka dawo kuma ba duka suka dawo yadda suka tafi ba.

Akwai maƙwabtanmu ta bayan gida, za ni kira su Mamman da Hadi. Ba sunansu ba ne, ko da yake duka biyun sun riga mu gidan gaskiya, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Auren so suka yi, suna da 'ya'ya biyu, ƙaramin an yaye shi tun uban yana can. Mamman kafin a tafi da shi ƙato ne mai barkwanci. Ya dawo a rame, yana tafiya a ɗan duƙe, ba ya dariya. Damina ta gaba ta yi kyau, abinci ya samu, jikinsa ya ɗan murmure, hanyar Faransi ma ta buɗe. Ina cewa komai ya daidaita a gidan, sai ga Hadi ta shigo mini wata rana da hantsi.

"Inna Tumba, wanda yah hi ƙarhi nika so. Na sha na wata mata can Bafarawa har cikina ya ɓaci, ban ga komi ba."

Na tura mata faifan riɗi. Ta tsinta, ta tsinta, sai hawaye ya fara ɗiga a kan riɗin.

"Tun da yad dawo, zaure shika kwana. Ranad da yaz zo ya shigo ɗaka, abin bai yiwu ba. Nic ce mai ba komi, gajiya ta. Tun ran nan bai koma ba. Na yi kitso, na yi lalle, na yi turare, ko dubana ba shi yi. Ko wata yag gani can, ko kuwa ni ta nil lalace."

"Ke mi kika so?"

Ta ajiye faifan.

"Shi nika so, Inna. Ba haihuwa nika biɗa ba, ina da ɗiya. Ba sutura ba, ba abinci ba. Mijina nika marmari. Na hwaɗa ma yayata, tac ce in rufa ma kaina asiri, ɗiyar mutunci ba ta wagga magana. Don Allah, abin kunya na?"

"Yayarki ba ta hi malamai sani ba. Haƙƙinki na, awa ci da sha."

Sannan ta faɗi abin da ya fi tsorata ta. Ta ji a bakin matar madugu cewa Mamman ya roƙa a tafi da shi jan raƙumi cikin ayarin da zai tashi bayan Sallar Layya, ya kuma ce shi ba mai dawowa ba ne. Ya ce kafin ya tafi zai sauwaƙe wa Hadi, ta koma gidansu.

Na hana ta maganin. A lokacin ko ƙulli ɗaya na sayar abin murna ne a wurina, amma ba a ba mai ƙishirwa gishiri. Na ce ta koma gida, kada ta ƙara shan komai na kowa, ta bar ni da shi.

Namiji ba ya zuwa ƙofar mai hakin maye, in an gan shi kafin azahar gari ya ɗauka. Sai na aika masa cewa ina son wanda zai sassaƙo mini ɓaure daga sama inda hannuna ba ya kaiwa, mijina kuma ya tsufa da hawan itace. Uwar Mamman ƙawata ce kafin ta rasu, ba zai iya ce mini a'a ba. Muka tafi bakin gulbi da safe. Na ba shi gizago, na zauna a gindin itacen ina tsince abin da ke faɗowa, shi kuma ya ba ni baya. Na lura duk sarar da ya yi sai ya dafe ƙugu.

"Bayan ga naka, can kas samo shi?"

"Can na, Inna. Kwanon ƙasa muka ɗauka bisa kai tun sahe har marece, ƙahwa cikin ruwan sanyi."

Ya ci gaba da sara, ya ci gaba da magana, itacen yake gaya wa ba ni ba. Ya faɗi yadda suke kwana a bukka ba bargo. Ya faɗi abokinsa da suka tafi tare, wanda tari ya kashe a gefensa, shi da kansa ya haƙa masa kabari. Ya faɗi yadda wani helma, shugaban lebura, ya zane shi da bulala a gaban jama'a don ya zauna ya huta. Na bar shi har ya zube duka, sannan na ce:

"An ce za ka bi ayari."

Gizagon ya tsaya.

"Inna, ke uwa ta. Ni yanzu ba namiji ba na. Na sha gagai wurin wanzami har niy yi ta amai, banza. Hadi da sauran ƙuruciyarta. In riƙe ta in cuce ta? Ran nan tac ce min ba komi. Na san tausaina taka ji. Gara in sake ta ta samu miji, ni ko in tahi inda ba a san ni ba."

"Ka daina son ta?"

"Da na daina ai da abin ya yi sauƙi."

Tausayinsa ya kama ni, haushin su biyun ma ya kama ni. Ga mace tana kuka don tana son mijinta, ga miji zai bar gari don yana son matarsa, tsakar gida kawai ke tsakaninsu. Shi yana ganin namiji dole kullum a shirye yake, in ya gaza sau ɗaya ya tashi daga namiji. Ita kuma tana ganin tunda namiji ba ya rasa sha'awa, to in bai zo ba ita ce ba ya so. Ƙarya guda ce ta kama su, kowa ta inda ta same shi. Ni kuma ba ni da damar kwashe maganar wannan in kai wa wancan, don ranar da mai magani ta fara haka, ranar sana'arta ta mutu.

Abin da na gane a gindin ɓauren nan shi ne ba ƙarfi Mamman ya rasa ba, tsoro ne ya shige shi. Duk lokacin da ya nufi ɗakin matarsa ji yake kamar an kira shi gaban alƙali. Gagai kuwa ba ya maganin tsoro, ƙara shi yake yi.

"Wancan ciwon na maza ba aikina ba na, na wanzamai na," na ce masa. "Amma bayan ga ina da maganinai. Ko tahiya za ka yi, ba ka bin raƙuma da wanga ƙugu. Sai dai maganin shina da sharaɗi."

Ku masu kwalba ba ku san sharaɗi ba. A zamaninmu kowane magani da nasa: wani ba a cin kuɓewa a kansa, wani ba a tsallake taɓarya, wani sai an fuskanci gabas ake sha. Mutum yakan raina maganin da ba shi da sharaɗi, kuma ya fi tsoron karya shi fiye da yadda yake tsoron dogari. Abin da na yi niyyar haɗa masa, man shanu da citta da kanunfari, maganin ciwon baya ne na gaskiya, Gwaggo ma da shi take yi wa manoma. Sharaɗin ne nawa, a nan gindin itacen na ƙirƙiro shi.

"Na ɗaya, ba ka shafa ma kanka, namiji ma ba shi shafa maka. Hannun matarka na. Ta gasa maka bayan da ruwan zahi, ta shafa, ta murza. Na biyu, ba a shan iska bayan an shafa, inda anka shafa maka nan kaka kwana. Na ukku shi na babba. Ba ka kusantarta, ita ma ba ta kusantarka, har watan Sallah shi tsaya. Ko da wasa."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Mutumin da ya yi wata da watanni yana gudun ɗaki don kada a nemi abin da yake ganin ba shi da shi, yau an ce masa ko yana da shi an hana.

"In don wannan na, Inna, ba wuya," ya ce, yana wani murmushi mai ɗaci.

Hadi ce ta ba ni wahala. Da na kai mata man a cikin ɗan kasko na gaya mata sharaɗi, sai ta zaro ido.

"Inna! Abin da niz zo biɗa shi na kinka hana?"

"Shi na. Ki gasa, ki shafa, ki yi mai hira. Kada ki yi wata kwalliya ta daban, kada ki tambaye shi komi. In ya yi magana ki saurara, in ya yi kuka ki ƙyale shi. In kinka ga ya matso, ki tuna mai da sharaɗi."

"Ni in tuna mai?"

"Ke ki tuna mai. Da gaske, ba da bakin wasa ba."

Ta karɓi kaskon tana hararata, ta ce in ba don ni ba ce da ta ce an haɗa baki da ni a kashe mata aure.

Ba zan ce muku na tabbata zai yi ba. Tsakanin miji da mata sai Allah, kuma na san in abin ya ƙi, ni ce na cinye wa Hadi 'yan kwanakin da suka rage mata da mijinta. Madugu na ta haɗa kaya, ana ɗinkin buhuna a ƙofar gidansa, ni kuwa hankalina yana bayan gida. Na fara ganin hayaƙin murhun Hadi bayan an sauke tuwo, na san ruwan gashi ne. Na ga tabarmar Mamman ta bar zaure. Wata rana muka haɗu da Hadi a rijiya, ta matso kamar za ta taya ni jan guga.

"Shina magana yanzu, Inna. Jiya ya hwaɗa min sunan abokinai da yam mutu. Ya yi kuka, nik ƙyale shi awa yadda kinka ce."

"Maganar ayari hwa?"

"Bai ce ya hwasa ba."

Ban ƙara tambayarta komai ba, ita ma ba ta ƙara ba. Wannan ma yana cikin sana'a, ku riƙe shi: in kin ɗora tukunya kada ki yi ta buɗe murfi.

Watan Sallah bai tsaya ba tukuna, ina tsakar gida ina tankaɗe, aka yi sallama. Na leƙa zaure, sai ga Mamman, da rana ƙiri ƙiri a ƙofar mai hakin maye, bai damu da wanda zai gan shi ba. Ya durƙusa, hula a hannu, fuskarsa a firgice.

"Inna, sharaɗin ga na ukku. In anka karya shi, mi ka samun mutum?"

Na ajiye rariya na ɗaure fuska.

"Wa yak karya?"

"Ni na. Ta tuna min, wallahi ta tuna min. Ba laihinta ba na." Ya ƙara matsowa kusa. "In wani abu za shi hwaɗa, don Allah ki maishe shi bisa kaina. Kada shi taɓa Hadi."

"Sau guda na?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. Na juya baya kamar ina neman wani abu a jikin bango, don kada ya ga bakina. Daɗi ya cika ni har na ji idona ya kawo ruwa. Sai da na daidaita fuska sannan na juyo.

"To, ka ɓata min magani. Babu abin da za shi taɓa ta, kai na za ka biya. Wanda yak karya wanga sharaɗi ba shi ƙetare gulbi da kayan tahiya sai shekara ta kewayo."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Wane gulbi, Inna? Ai tun shekaranjiya nic ce ma madugu shi biɗi wani mai jan raƙumi."

Ranar da ayarin ya tashi na leƙa ta kan darni. Mamman yana kan ɗakin Hadi yana baibaya da sabuwar ciyawa, ita tana ƙasa tana miƙa masa igiya, tana yi masa faɗa wai ya yi a hankali da bayansa.